Sunan da Malama Safiyya Ba Ta Faɗa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin zama a bayan aji. In an cire masa kwalliya, aikina ke nan: in hau babur daga Wudil, in shiga makarantun firamare na ƙauyuka, a ɗauko mini kujerar da ta fi kowace lafiya, in zauna a baya da fom da biro ina kallon malami yana fama da 'yan aji ɗaya da na biyu. A ofis jami'an sa ido ake ce mana. Malamai kuwa in mun ba da baya "masu jan biro" suke kiranmu, kuma ba su yi mana ƙarya ba. Sunana Garzali. Na ga malamai iri-iri, da masu koyarwa da masu jiran a kaɗa ƙararrawa. Amma da za a ce in nuna wadda ta fi kowa iya riƙe ƙananan yara, Malama Safiyya zan nuna. Ni ne kuma na raba ta da ajinta.

Abin da na sani na rayuwarta daga baya na tsinto shi, wani daga bakinta, wani daga Malam Hadi, hedimastan makarantarsu. 'Yar Darki ce. Tana cikin 'yan matan farko na unguwarsu da suka je kwalejin horon malamai, ta fito da takardarta, aka yi mata aure a wani ƙauye da ke yankin Achika. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, na riga na yi musu abin da ya isa. Mijinta ɗan limamin garin ne. Da ta ce za ta fara koyarwa, dangin miji suka yi ca, wai matar gidan Liman ba ta saɓa jaka kullum da safe ta ratsa gari. Liman da kansa ya kashe maganar, kuma bai yi wa kowa wa'azi ba. Washegari ya riƙo hannun jikokinsa biyu ya kai su makarantar, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ajinta ya zauna har aka tashi tara. Tun daga ranar mutanen garin suka fara sako 'ya'yansu.

Shekara talatin da uku ta yi a aji ɗaya. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka an danne ta ne. Malamai gudun aji ɗaya suke yi, don ajin majina ne da kuka da fitsarin wando, kuma sau biyu aka ba ta hedimasta a wata makaranta ta ce a bar ta inda take. Rabin iyayen garin a hannunta suka fara riƙe alli.

Liman ya rasu a daminar 2009. Sunansa Muhyiddeen. Saboda ganin girmansa, duk namijin da aka haifa a garin cikin wannan shekarar sunansa aka raɗa masa. Saboda ganin girman nan dai, babu mai faɗar sunan. Kowane gida ya nema wa yaronsa abin da za a riƙa kiransa: wannan Liman, wancan Malam, akwai Dattijo, da Baba Ƙarami, da Halifa, da Auta, da wani siriri mai manyan kunnuwa da ake ce wa Ɗantani. Su bakwai ne suka kai shekarun shiga makaranta, kuma babu ɗayansu da ya taɓa jin an kira shi da sunansa na yanka. Malama Safiyya ta rubuta sunan sau bakwai a rajista, kowanne da sunan ubansa a gaba, amma ba ta furta shi, don sunan surukinta ne. Malam Hadi ya ce shekara shida tana jiran wannan ajin. Tun suna goye take cewa, in Allah ya kai ta, 'yan nan su ne za ta yi ban kwana da aiki da su.

Duk wannan ban san shi ba ranar da na je. Wata Juma'a ce a watan Oktoba na 2015, ina shekarata ta biyu a aikin, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro karatun boko. A farkon makon ogana ya tara mu ya ce an gano wasu makarantu na cusa sunayen bogi a rajista don a ƙara musu malamai da littattafai, kuma duk wanda ya kamo irin wannan, sunansa zai je sama. Ya koya mana dabara: ka karɓi rajistar da kanka, ka sa malami ya tsaya a ƙofa ya juya baya, don kada ya ƙifta wa yara ido su amsa sunan da ba nasu ba. Na fito daga taron nan da ƙishirwar kamu.

Na isa wajen takwas da rabi. Malam Hadi ba ya nan, ya kai ɗan marakinsa kasuwar Wudil, wataƙila ma mun yi saɓani a hanya. Malama Safiyya ta tare ni a ƙofa, dattijuwa gajera da farin mayafi, hannunta duk alli. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi hanya da gida da iyali, ni kuwa ina amsawa ina duba agogo. Yaran suka miƙe suka rera mini sannu da zuwa, kowa da inda ya kama. Na wuce baya na zauna.

Babu benci a ajin sai tabarmi. Abin da na fara lura da shi, ba ta tsayuwa. Sauran malamai a jikin allo suke manne, ita kuwa ta tattara zaninta ta zauna a tsakiyar yaran, kanta daidai da nasu. Lissafi take yi musu da ƙwallon dabino, kowane yaro da tsibinsa a gaba. Ba ta ce musu biyu a tara da uku ba. Cewa ta yi, awaki biyu na ɗaure a turke, uku sun dawo daga kiwo, nawa za a ba dusa? Sai ka ga yatsu sun duƙufa. Wata yarinya ta ce shida. Maimakon ta ce ba daidai ba ne, sai ta tambaye ta shidan daga ina. Yarinyar ta ce ai ɗaya tana da ciki. Malama ta yi dariya har da riƙe haɓa, ta ce to a jira ta haihu tukuna.

Tana magana hannunta na aiki. Ta share wa wannan hanci da gefen tsumma, ta gyara wa waccan hijabin da ya juya ya rufe mata ido, ta zare ƙwallon dabino daga bakin wani ba tare da ta ko dube shi ba. Wani yaro ya yi barci ya kifa a cinyar maƙwabcinsa, ta yi wa sauran alama su ƙyale shi, ta ce da asuba aka fita da shi cirar gyaɗa. Siririn nan mai kunnuwa kuwa, Ɗantani, ta zaunar da shi a damanta, kuma duk abin da ta faɗa wa aji sai ta sunkuya ta maimaita masa a hankali. Daga baya na ji cewa kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, kuma ita ta gano, ba iyayensa ba. Na kalli duk wannan, ya kuma burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na duba fom ɗina babu gurbin rubuta ko ɗaya. Akwai dai gurbin "amfani da allo", a nan na ba ta ɗaya cikin biyar.

Da aka kusa tara na ce ta kawo rajista. Yara sittin da huɗu a rubuce. Na ƙirga kawuna, hamsin da biyar. Ranar kasuwa ce, ga cirar gyaɗa, ko yaro ya san dalilin giɓin, amma ni ba dalili na zo nema ba. Ina bin shafin da biro sai idona ya faɗa kan Muhyiddeen. Layi biyu ƙasa, ga wani. Na ƙirga, bakwai. Sunan da ni a duk rayuwata mutum ɗaya na sani da shi, ga shi bakwai a aji ɗaya na ƙaramin ƙauye. Daɗi ya kama ni, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Malama, ki tsaya a ƙofa ki juya baya. Kada ki yi magana, kada ki nuna kowa."

Ta dube ni kaɗan, sannan ta je ta tsaya. Na fara kira. Murja ta amsa, Lukman ya amsa, Sharifa ta amsa har da miƙewa. Na kira na farko cikin bakwai ɗin, shiru. Na ɗaga murya na sake, yaran suka bi ni da ido. Na kira na biyu, na uku, har na bakwai. Ɗantani na gabana yana jera ƙwallayensa, ko ɗagowa bai yi ba.

Na ce ta juyo. "Ina yaran nan?"

"Suna nan, ranka ya daɗe. Duk sun zo yau." Ta kira Liman, ta kira Dattijo, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yara bakwai suka miƙe.

"Ko ni zan iya tayar da yara bakwai," na ce. "Ki kira su da sunan da kika rubuta."

Ta yi ƙasa da kai. "Ba na faɗar sunan nan, Malam. Sunan mahaifin maigidana ne."

A nan ya kamata in tsaya. Bahaushe ne ni, ba daga sama na faɗo ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Shi ya sa ya fi kusa da alƙalaminki." A gaban yara na faɗa wa matar da a shekaru ta haife ni. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga mata hannu, na ce ina sauri kada in rasa Juma'a. Na ja layi ja a kan sunaye bakwai, na sa hannu a gefe. Da zan fita ta biyo ni da ƙullin gyaɗa a leda, ta ce a kai wa yara. Na ce ba ma karɓar kaya a bakin aiki.

Ranar Litinin na miƙa rahoto: sunayen bogi bakwai, malama ta ƙi kiran rajista, ba ta amfani da allo. Oga ya karanta shi a gaban kowa, ya ce ga irin aikin da ake so. Kafin wata ya cika aka ɗauke ta daga aji ɗaya, aka tura ta wata makaranta can wajen Utai, aji biyar. Malam Hadi ya zo ofis sau biyu yana neman ya yi bayani, aka ce masa ya gode wa Allah da abin bai haɗa da shi ba. Na hango shi a baranda a zuwansa na biyu, na bi ta ƙofar baya.

Innata ce ta buɗe mini ido. Wata ranar Asabar na je gaishe ta tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna ina ba ta labarin kamun da na yi, da ƙari da gishiri. Ta saurara har na gama, ba ta ɗago daga farantin ba. Sannan ta tambaye ni sunan ƙauyen, na faɗa. Ta ce, "Ba garin limamin nan da ya rasu shekarun baya ba, wanda aka cika motoci aka je jana'izarsa?" Na ce ban sani ba. Ta ajiye farantin.

"Yayansu," ta ce, don haka take kirana, ni ne ɗanta na fari. "Shekararka talatin da biyu. Ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Ban taɓa ji ba. Ko a asibiti aka tambaye ta sunana, sai ta juya ta ce wa ƙanwata ta faɗa.

"To da wani ya zo da biro ya ce sai na faɗa, in ban faɗa ba babu kai, me za ka ce da shi?"

Ta ce in tashi in je in gyara tun kafin abin ya bushe, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta.

Kuskuren ranar Juma'a zan iya ɗora shi a kan ƙuruciya da sauri. Abin da ya biyo baya ba ni da inda zan ɗora shi. Na rubuta takardar gyara a makon, na sa a aljihun tebur. Sai na riƙa hango fuskar oga, da ta abokan aikin da suka ji an yabe ni a gabansu. Na ce bari a gama jarrabawa. Aka gama, na ce bari a dawo hutu. Aka dawo, aka saka sunana cikin masu zuwa bita Kano, na ce in na dawo. Takardar nan ta yi wata bakwai a aljihun tebur, ƙarƙashin cajar waya da ledar goro. Ni dai kunyar ofis nake ji, kuma ita na zaɓa.

Sai a watan Yuni na koma ƙauyen, shi ma don an sa makarantar a jadawalina ne. Wani saurayi baƙo, Malam Mudassir, shi ke riƙe da aji ɗaya. Ba mugu ba ne, yana tsaye a jikin allo yana nuna baƙaƙe da tsumagiya, yara na maimaitawa da ƙarfi. Da zan cike fom, biyar cikin biyar zai samu a amfani da allo. Na duba tabarmin na ga sun yi fili. Na nemi yaron nan mai kunnuwa ban gan shi ba.

Malam Hadi ya ja ni gefe ƙarƙashin darbejiya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce labari ya bazu a gari cewa gwamnati ta turo mutum ya ce sunan Liman ƙarya ne, ya soke shi da jan biro har sau bakwai, ya kuma kori surukar gidan. Iyayen suka haɗu a ƙofar masallaci, babu hayaniya, suka ce tunda an ce babu yaran, to babu su. Washegari bakwai ɗin ba su zo ba, wasu gidajen ma suka janye nasu. Ya bi gida-gida yana roƙo, aka riƙa ba shi ruwa ana sallamarsa. Ita kuma Malama Safiyya ta yi zango ɗaya tana hawa babur zuwa Utai da dawowa, ƙafafunta suka kumbura, ta ajiye aiki saura shekara biyu ta cika shekarun ritaya.

Na ce ya raka ni gidanta. Muka same ta a soro a kan tabarma, da wasu ƙananan jikoki uku a gabanta da ƙwallon dabinonsu. Ta gane ni nan take. Ta yi mini irin gaisuwar nan mai tsawo, hanya da gida da iyali, wannan karon na amsa kowace. Aka kawo fura. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara. Na gane gaskiya tun watanni bakwai da suka wuce, ban zo ba." Na faɗi adadin watannin da gangan, don ban yarda in rage wa kaina komai ba.

Ta juya ludayi a kwanon. Ta ce, "Na yafe, Malam Garzali. Aikinka aka sa ka." Na ce ba a sa ni faɗar abin da na faɗa ba. Ta ce wannan ma ta yafe. Sannan ta gaya mini abin da ta shirya tun farko. A zango na biyu Malam Hadi zai riƙa shigowa kowace safiya ya kira sunan, tunda shi baƙo ne a garin, ita kuma ta dafa kan kowane yaro in an zo kansa, har su saba. A zango na uku ta koya musu rubuta shi. "Bakina ba zai faɗa ba," ta ce, "amma hannuna zai iya nuna musu. Surukina ne ya kawo yaran garin nan makaranta. Na so a ce masu sunansa sun iya rubuta shi."

Na ciro takardar gyaran daga jaka, duk ta yamutse. Na ce gobe zan miƙa ta, zan sa a mayar da sunayen, zan bi gidajen da kaina. Na yi duka kuwa. Oga ya karanta ya ce to, ya sa a fayil, babu wanda ya ko ɗaga kai, abin da na yi wata bakwai ina tsoro ke nan. Iyaye biyu suka mayar da 'ya'yansu a shekarar da ta biyo baya. Biyar ba su koma ba. Ɗantani na cikin biyar ɗin. Bara na gan shi a bakin kogi kusa da gada yana taya ubansa gyaran komar kamun kifi, ya zama saurayi, kunnuwan na nan yadda suke. Na yi masa sallama ta ɓangaren da ba ya ji, bai juyo ba, ni kuma ban zagaya ba.

Malama Safiyya na nan da ranta, idonta ya fara rauni. Ina zuwa gaishe ta duk sallah, kuma in ta ba ni gyaɗa ina karɓa da hannu biyu. Ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. Abu ɗaya ta faɗa a ranar farkon nan, da na miƙa mata takardar gyaran na ce ta duba, rahotona na baya ƙarya ne kuma ga shi na rubuta haka. Ta riƙe ta nesa da ido ta karanta har ƙarshe, ta ninke, ta mayar mini.

"A ranar da ka rubuta shi ne yake ƙarya," ta ce. "Ka je ajin ka kira su yanzu, ka ga ko suna nan."